Azumin da Muka Haɗa Kujera da Tabarma

Azumin bana ya faɗo tsakiyar zafi, irin zafin da in ka taɓa ƙofar mota da rana sai ka tuna zunubanka ɗaya bayan ɗaya. Jiya bayan la'asar na ɗauko wasu alhazai biyu 'yan Najeriya daga Kudai zan kai su Harami, ɗaya mai tumbi, ɗaya siriri kamar asuwaki. Tun da suka shiga tasi suke musu. Wai a can gida an yi zaɓe, jam'iyya ɗaya ta ci shugaban ƙasa, ta kuma kwashe majalisa. Mai tumbin yana murna, ya ce yanzu aiki zai tafi, ba mai riƙe wa shugaba ƙafa. Siririn ya ce shi abin da ke hana shi sakewa ke nan. Ba su san ina jin Hausa ba. Da na yi dariya sai suka yi tsit, suna duba jakunkunansu. Na ce su ci gaba, ni ban taɓa taka Najeriya ba, ban san sunan jam'iyya ko guda ba, amma wannan musu na san shi tun ina da gashi a ka.

Rabon da azumi ya zo a irin wannan lokaci shekara talatin ne da 'yan kai. Lokacin ina da shekara goma sha takwas, sunana Bakur, sunan da har yau ba a canza mini ba duk da ƙoƙarin da mutane suka yi. Makarantar allo na yi ta har izu shida, malamin ya kira yayata ya ce mata bakina yana gaba da allona da tafiyar yini guda, a nema mini aikin da zai gajiyar da ni. Aka ba ni sandar ruwa.

A Makka ta wancan zamani ba famfo a gida. Ruwa yana zuwa ta magudana daga wajejen Arfa, ya faɗa wani babban tafki na dutse mai rufi da ake kira bazan, kowace unguwa da nata. Mu masu ruwa mu zura guga ta bakin bazan, mu cika gwangwanayen kananzir biyu, mu rataya su a kan sanda, ɗaya gaba ɗaya baya, mu saɓa a kafaɗa. Wannan sanda ita ce zafa. Ita ce gonarka, ita ce shagonka. Kafaɗata ta dama har yau akwai kanta, in jikokina sun hau suna tambaya ko dutse na haɗiye.

Bazan ɗinmu na unguwar Hindawiyya kusan duk Hausawa ne, amma kashi biyu muke. Akwai mu 'Yan Gida, waɗanda aka haifa a Makka, muna Hausa muna cusa Larabci a tsakiya, gidajenmu a ƙasa kusa da hanya, kuma manyan gidajen 'yan kasuwa mu ke kai musu ruwa. Akwai kuma 'Yan Hanya, waɗanda suka taho da ƙafa ta Chadi da Sudan, wani shekara biyar wani goma yana hanya yana tsinkar auduga, suka iso suka kafa bukkokin kwano da buhu a kan dutse. Muna yi musu dariyar Larabcinsu, suna yi mana dariyar Hausarmu. Sallah ɗaya, guga ɗaya, amma in an zauna kowa ya san ɓangarensa.

Mai mulkin bazan shi ne Shehu. Yana da kujerar igiya a inuwar bango, shi ke faɗin wa zai fara ɗiba, wa zai bi, wane gida za a kai wa. A gabansa kuma akwai tabarma, dattawa biyar ke zama a kai. In Shehu ya ba da umarni, uku daga cikinsu suka ce ba su yarda ba, umarnin ya mutu a wurin. Zaɓen duka biyu da sanda ake yi: ka je ka ajiye zafarka gaban wanda kake so, a ƙirga. Ba wanda ya rubuta doka, amma tun kakanni haka abin ke faɗuwa, in kujera ta zo hannunmu, yawancin tabarma sai ta tafi ga 'Yan Hanya, in ta je can, tabarma ta dawo nan. Ni a lokacin wannan tsari haushi yake ba ni. Kullum musu, kullum ana ja. Abin da za a gama kafin shayi ya huce sai a kai la'asar.

A watan Sha'aban na shekarar tsohon Shehu ya rasu. Namu ɗan takarar Siraju ne, mutum mai faɗin ƙirji da murya kamar daga cikin rijiya, ba mugu ba ne, yana dai son a ce ya iya. Na 'Yan Hanya kuma Malam Garba, mutumin Damagaram, wanda ƙafarsa ta hagu ta lalace a hanya, yana tafiya yana jefa ta gefe. Tafiyar nan tasa ni na fi kowa iya ta. In na yi ta a bakin bazan har masu shan gahawa na tsallaken hanya sai sun ƙware.

To ni ne na ji, a wurin mai aski, cewa jirgin ruwa daga Sudan zai iso Jidda ranar Laraba, cike da mutanen da ke son su yi azumi a Makka. Na san rabin 'Yan Hanya suna da ƙane ko uwa ko mata a ciki, dole su tafi tarba, kwana biyu aƙalla. Na je na raɗa wa Siraju. Ya dube ni ya ce, "Ya walad, kai yaron nan shaiɗan ne," amma yana murmushi. Aka sa zaɓe ranar Laraba.

Muka ci kujera. Muka ci tabarma, duk biyar. Na hau kan bakin bazan ina kiɗa gwangwani. A cikin sababbin 'yan tabarmar akwai Baba Nuhu, tsoho ne namu da ake zaɓa kullum saboda girmansa, aikinsa gyangyaɗi. Ranar ya buɗe ido ya ƙirga mutanen da ke zaune kusa da shi, ya sake ƙirgawa, ya tambaya wai ina sauran. Aka ce babu saura, Baba, duk namu ne. Ya ce to Allah ya kyauta, ya koma barcinsa. Da 'Yan Hanya suka dawo daga Jidda, Malam Garba ya zo ya yi wa Siraju barka, ya ɗauki gugarsa.

Kwanakin farko daɗi. Siraju ya ce a gyara igiyoyi, tabarma ta ce na'am, aka gyara a yini ɗaya. Ya ce a share bakin bazan, aka share. Ina ta cewa ga shi nan, ashe da can ɓata lokaci ake yi.

Sai azumi ya kama, kuma ruwa ya ja baya.

Ban san yadda zan kwatanta wa yaran yanzu wannan zafi ba, su da in na'urar sanyi ta tsaya minti biyar sai su fara wasiyya. Iskar samumu ke busowa daga tsakanin duwatsu kamar an buɗe bakin tanderu. Dutse ba ya hucewa har asuba. Mukan fara ɗiba da an sallame sallar asuba, mu yi ta jigila har hantsi ya ɗaga sosai, sannan kowa ya nemi gindin bango ya jiƙa mayafi ya rufa a fuska ya kwanta kamar gawa. Bayan la'asar a sake tashi. Kana ɗauke da ruwa gaba da baya, yana fantsamo maka a ƙafa, kana jin ƙanshin jiƙaƙƙen dutse, harshenka kuwa kamar tsohon takalmi. Wani lokaci nakan yi wa gwangwanin gaba magana, in ce masa ka jira ni, da magariba za mu gana. In igwar shan ruwa ta tashi daga kan dutse, dabino uku, ruwan zamzam mai sanyin tulu, sannan romon shurba da sambusa in an samu, kunu in ba a samu ba. Masu ruwa mukan yi buɗa-baki tare a bakin bazan, kowa ya kawo abin da gidansa ya aiko.

A da guga kan taɓa ruwa da igiya gaba uku. A satin farko na azumi sai da aka ƙara gaba biyu. Kafin hantsi abin da ke fitowa ya zama ja, rabi ruwa rabi laka. Manyan gidaje suka fara aiko da bayi da yara suna faɗa, mai unguwa ya kira Siraju sau biyu. Mutanenmu kuma suka tasa shi gaba: mu muka zaɓe ka, gidajen da muke kai wa za su koma wani bazan, yi wani abu.

Ranar shida ga wata Siraju ya ba da umarni biyu. Na ɗaya, Ɗan Hanya ba zai zura guga ba sai kowane Ɗan Gida ya yi sahu uku. Na biyu, Ɗan Gida ba zai hau dutse da ruwa ba sai gidajen ƙasa sun cika, wanda duk ya saɓa a karɓe zafarsa. Ya juya ya dubi tabarma. Huɗu suka ce na'am. Baba Nuhu yana barci, aka ƙirga shi cikin na'am. Duk abin bai kai tsawon alwala ba. Ni ma na gyaɗa kai, don sahu uku na farko ruwa ne garau kamar idon zakara.

Abin da ban lissafa ba shi ne yayata.

Yaya Asma'u ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu kwana ashirin bayan ta haife ni, jikinta ya kumbura, tsofaffi suka ce don ba ta sami wankan jego yadda ya kamata ba, shekarar ma an yi ƙarancin ruwa. Ko hakan ne ko ba hakan ba, ni ba likita ba ne, amma da wannan labari na girma. Yaya ta auri Haruna, Ɗan Hanya, mutumin ƙasar Katsina mai shiru-shiru, suna zaune can saman dutse tare da gwaggonsa, Goggo Hansai. Ranar takwas ga azumi Yaya ta haihu, namiji.

Na hau barka da yamma ina shirya irin tsiyar da zan yi wa jaririn. Na tarar da Goggo Hansai tsugune gaban babbar tukunya, ta tara itacen da ta yi wata uku tana tsinta, ga ganyen da ta sa aka nemo mata, tukunyar kuwa wayam. Haruna yana tsaye da gwangwani ɗaya, abin da ya samu ke nan bayan ya yi layi tun asuba. Goggo ta tsoma hannu ta ɗebo, ta murza a yatsu, ta ce da wannan sai dai a yi yaɓe. Ta ce maijego wanka biyu take yi a yini, safe da yamma, ruwa mai tafasa, kwana arba'in, haka aka yi mata, haka ta yi wa mata a Adare da Madani a kan hanya inda ruwa ya fi nan wuya, ba kuma za ta fara kashe 'yar mutane a garin Manzo ba. Sai ta juyo kaina.

"Kai ne ƙanen? Kai ne mai kiɗan gwangwani?"

Na ce ni ne, Goggo.

"To ga gwangwani nan, kaɗa mata ta yi wanka da shi."

Yaya tana ciki a kwance, ta ce a ƙyale ni, yaro ne. Wannan ya fi zagin ciwo. Da na leƙa na gaishe ta na ga ƙafafunta. Wataƙila kumburin haihuwa ne kawai da kowace mace ke yi. Ni dai da na gani sai na tuna mahaifiyarmu.

Washegari na je wurin Siraju na ce a yi wa maijego sassauci. Ya ce in ya buɗe wa ɗaya, gobe kowace bukka a dutse za ta haihu. Na zagaya wurin 'yan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce in je wurin Shehu. Na biyu ya ce shi abin da Shehu ya ce. Na uku surukin Siraju ne, ban ma ƙarasa ba. Na huɗu ya tuna mini cewa ni na kawo dabarar Laraba. A da in Shehu ya ƙi ka, kana da inda za ka, ka tsallaka taku uku ka tsuguna gaban tabarma. Yanzu taku ukun suna nan, amma duk inda ka tsuguna muryar Siraju ce ke amsa maka.

Sai na fara sata. Sahuna na uku na wani attajiri ne mai sayar da yadi. Nakan ɗiba in ajiye a wani kango, in jira rana ta take, lokacin da ko kare ba ya fita. Sannan in saɓa in bi ta bayan unguwa in hau. Dutsen yana cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Numfashi ɗaya taku ɗaya, idona yana ganin taurari da rana tsaka. Attajirin kuma in ce masa bazan ce ta ƙafe, in haɗa da rantsuwar da ba ta kai a yi kaffara ba. Goggo takan karɓa ba godiya, ta leƙa ciki, ta shinshina, ta ce na zubar da rabi a hanya. Gwangwani biyu ta raba su wanka biyu. Kwana biyar ina haka, ƙafar Yaya ta fara saɓewa.

Ba wanda ya gan ni. Bakina ne ya kai ni. Ranar muna buɗa-baki a bakin bazan, ruwa ya shiga jiki, shurba ta zauna, sai na ji abin ya motsa. Na tashi na ɗaura mayafi kamar zane, na tsuguna gaban gwangwani, na leƙa, na shinshina, na murza yatsu, na ce da muryar tsohuwa, da wannan sai dai a yi yaɓe. Mutane suka yi ta birgima. Da dariya ta lafa sai surukin Siraju ya tambaya, a hankali, wai a ina na ga Goggo Hansai tana duba ruwa har na haddace.

Aka sa shari'a washegari bayan la'asar.

Na kwana na tashi da lissafi ɗaya. In an karɓe zafar mutum, ana rataye ta a ɗakin Shehu, a aika wa sauran bazan na Makka, ba inda zai sake zura guga. Ni ba karatu ba, ba sana'a ba. Kuma daga ranar ba mai hawa dutse da ruwa garau, saura kwana talatin da 'yan kai a wankan Yaya.

Bayan la'asar inuwar bango ta miƙe, aka shimfiɗa tabarma. 'Yan Gida suka zauna dama, 'Yan Hanya suka tsaya hagu da nisa, Haruna a cikinsu kansa a ƙasa. Aka ce in ajiye zafata a tsakiya. Na ajiye. Siraju ya tambaye ni ko na hau dutse da ruwa, na ce na hau. Sau nawa, na ce biyar. Ya ce na ji umarni ko ban ji ba. Na so in ce wani abin dariya, na laluba ban sami ko ɗaya ba. Ya ce to hukunci a bayyane yake, ya juya ga tabarma. Na farko na'am. Na biyu na'am. Na uku na'am.

Baba Nuhu ya buɗe ido ya ce, "Wa ya ja?"

Siraju ya ce me.

"Na ce wa ya ja. Ba a karɓar zafa sai an ja."

Ni ban taɓa ganin an karɓi zafa ba, yawancin matasa ma haka, don haka sai da ya yi bayani. Ashe tun zamanin da, kafin a raba mutum da sandarsa, dole ɗaya daga cikin 'yan tabarma ya tashi ya kare shi kamar ɗan cikinsa, ya ja da Shehu har sai hujjarsa ta ƙare, sannan a ƙirga. In ba a yi ba, sauran bazan ba sa karɓar hukuncin. Ba a taɓa neman mai ja ba, saboda kullum akwai ɗan ɗaya ɓangaren da ke jiran damar. Tsofaffin da ke wurin, namu da nasu, suka gyaɗa kai, haka ne.

Siraju ya ce to wani ya ja. 'Yan tabarma huɗu suka shiga duban yatsun ƙafarsu. Ya ce Baba Nuhu ya ja da kansa.

"Ni na ci tuwonka ranar Laraba," in ji tsohon. "In na ja, wasa ne, kowa ya sani. Kuma ina da 'ya'ya uku masu zafa a nan. Ba na so ranar da tasu ta zo a yi musu ja na wasa."

Ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya sauka daga tabarma. Ya ce ya tsufa, barci yake ji, ya bar gurbinsa, kuma a al'ada mai barin gurbi shi ke nuna wanda zai riƙe kafin wani zaɓe. Ya ɗaga hannu ya nuna hagu. Ya nuna Malam Garba.

Na ce a raina shi ke nan, Bakur, ka je ka koyi bara. Mutumin ya taho yana jefa ƙafar nan gefe, tafiyar da na yi shekara biyu ina sayarwa, ya zauna, ya gyara riga, ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ya fara da cewa yaron nan maƙaryaci ne, ba shi da kunya, kuma shi ya ƙulla zancen Laraba, kowa ya sani. Na ji ana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce da don yaron ne da bai ɓata yawunsa yana azumi ba. Sannan ya juya ga ɗan tabarma na farko ya tambaye shi, haihuwar matarsa ta bara, gwangwani nawa ake kai mata a yini. Mutumin ya ce ba ya ƙirgawa. Malam Garba ya ce shi ya ƙirga, shida, don shi ya kai biyu daga ciki ranar da mutumin ya yi zazzaɓi. Ya tambayi na biyu. Ya tambayi surukin Siraju, wanda 'yarsa ke da ciki wata takwas a gidan Siraju, ko in ta sauka a kan dutse take da me za a yi mata wanka. Sannan ya fuskanci kujera.

"Shehu, umarninka na ji shi. Ka ce gidajen ƙasa su cika. Ban ji inda ka ce maijego ta bushe ba. In ka faɗa ban ji ba, maimaita yanzu gaban jama'a, sai mu rubuta a ka."

Siraju ya yi gumi. Ya ce ba haka yake nufi ba, amma umarni umarni ne. Malam Garba ya ce to a gyara umarnin ya zama abin da yake nufi. Suka shiga. Wannan ya kawo, wancan ya mayar, aka koma kan igiya, aka koma kan attajirin yadi, aka koma kan wa ya haƙa bazan tun farko. Inuwa ta tsallake hanya. Musun nan da na tsana, ranar na zauna ina sauraron sa kamar ana karanta mini albishir, ina roƙon Allah kada ya ƙare.

Da aka ƙirga, uku suka ce a bar mini zafata, biyu suka ce a karɓe. Bulala goma, a jinkirta sai bayan Sallah. Gidan maijego da gidan mara lafiya, ƙasa ko dutse, su ne sahun farko. Zancen sahu uku kuwa ba a taɓa shi ranar ba, sai da Malam Garba ya yi kwana huɗu yana ja kafin aka mayar da shi ɗaya namu ɗaya nasu. Ruwan bai ƙaru ba, gaskiya. Mu ma muka fara ɗanɗana laka, wasu gidaje biyu suka koma wani bazan, mutanenmu suka yi wata guda ba sa amsa sallamata.

Bayan shekaru, Siraju ya tsufa, famfo ya shigo, na ɗauke shi a mota zuwa asibiti. Shi ya tayar da zancen. Ya ce 'yan makonnin nan da ya yi da tabarma duk tasa su ne mafi wuya a shugabancinsa. Duk wanda ya zaɓe shi ya zo da buƙata, ba shi da bakin cewa a'a, don ba wanda zai ce ya hana shi. Da Malam Garba ya zauna, sai ya sami abin faɗa: ni na so, Garba ne ya ƙi. Ya ce ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Na ce ashe da ya gode mini. Ya ce in kula da tuƙi.

Amma ranar shari'ar ban san wannan ba. Abin da na sani, an ce in ɗauki zafata. Na sunkuya na ɗauka, rana ta gasa ta har tana ƙona hannu, ban sake ta ba. Magariba ta kusa. Aka buɗe mini hanya zuwa bakin bazan, ni kaɗai, kowa yana kallo, na zura guga. Ruwan ya ɗan taru tun azahar, ya fito garau. Na cika biyu, Haruna ya cika biyu a bayana, muka bi babbar hanya, ta gaban shagon mai aski, ta gaban masu gahawa, muka kama hawa. A tsakiyar dutse ya ce in sauya kafaɗa, na sauya.

Muna isa ƙofar bukka igwa ta tashi. Goggo Hansai ta riga ta hura wuta. Ta leƙa gwangwanaye huɗun ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ba ta sami abin kushewa ba, abin ya ɓata mata rai. Ta juye uku da rabi a tukunya. Daga ciki Yaya ta tambaya ko Bakur ne, ko an karɓe zafar. Haruna ya ce ba a karɓe ba. Sai na ji tana yi wa jaririn magana.

Goggo ta ɗebo ɗan moɗa ɗaya daga sauran ta miƙo mini, ta ce wannan nawa ne, kada in ƙara, na maijego ne. Na zauna a kan dutse mai zafi, zafata a kan cinya. Na yi bisimilla na sha a hankali, kurɓi uku, ina jin tukunya ta fara kuka.